Matattakalar Lamba Tara

A ƙasan gida mai lamba tara Imelda Brophy take zaune yanzu, cikin ɗakunan da kuku da 'yan aiki suka zauna a zamanin masu gidan na farko. Tagarta tana daidai da takalman masu wucewa a titi. Ta haura shekara saba'in da biyar, kuma in ka cire makonnin da ta yi a asibiti da aka yi mata aikin ƙugu, ba ta taɓa kwana a wani gida ba.

Gidan irin na layin ne duka, waɗanda aka jera a arewacin kogin Liffey a birnin Dublin tun zamanin Sarki George: jan bulo, hawa huɗu a kan ɗakunan ƙasa, tagogi dogaye a bene na farko suna gajarta in aka yi sama, ƙofa mai ginshiƙi biyu da gilashi kamar rabin wata a kanta. Wani alƙali ne ya gina shi don iyalinsa. Kafin a haifi Imelda masu hali na Dublin sun daɗe da tsallakawa kudancin kogi, gidan kuwa ya koma na haya, iyali goma sha wani abu a ciki, famfo ɗaya a tsakar gida ta baya.

A babban falon bene na farko aka haife ta. An raba falon gida uku da katako, katakon kuma bai kai silin ba saboda silin ɗin ya yi nisa. Don haka iyali uku ado ɗaya suke kallo in sun kwanta: kurangar inabi da tsuntsaye da aka sassaƙa da farar ƙasa, hayaƙin gawayi ya mai da su ruwan toka. Su Brophy ne da tsuntsu biyu da rabin na uku, wutsiyarsa tana ɗakin su Keogh. Tari, faɗa, addu'a, naƙuda, babu abin da ba ya tsallake katakon nan. Nance Keogh, wadda aka haifa a ɗaya gefen, ita ce ƙawar Imelda tun suna rarrafe, kuma har yau tana cewa ta san asirin gidan Brophy tun ba ta san sunanta ba.

Ƙofar titi ba a kulle ta. In ka shiga, zaure ne mai daɓen dutse baƙi da fari, sai matattakala. Ta farin dutse ce, kowane taki an cusa kansa ɗaya cikin bango, ɗaya kan yana tsaye a iska ba abin da ya tokare shi. Mutum uku za su jera a kanta ba su gogi juna ba. Yara sun yi sulu a jikin ƙarfenta, samari sun yi zance a kanta, mata suna goge ta bi da bi ranar Asabar. Ta kanta kuma ake fita da gawa.

A layin nan ba a kai mamaci wani waje a ajiye. A ɗakinsa ake shimfiɗe shi, a tsayar da agogo, a ɗaga taga, maƙwabta su cika ɗaki da shayi da giya da labarinsa. Washegari maza shida su ɗauke shi a kafaɗa, su sauko da shi a hankali, ƙafafu a gaba, su fita ta babbar ƙofa, duk layin yana tsaye an tuɓe huluna. Mutanen da ko kujerar da suke zaune a kai bashinta ake bin su, wannan fitar tasu ce, ba mai hana su. Wanda aka fitar ta ƙofar baya ko ta 'yar matattakalar ƙasa, to an san ba shi da kowa. Haka aka fita da uban Imelda, ta babbar ƙofa, tana 'yar makaranta.

Tana gama makaranta ta shiga kamfanin biskit, daga baya ta koma sharar ofisoshi. An taɓa neman aurenta, amma mutumin zai tafi Birmingham ta Ingila, ita kuma ba ta ga wa za ta bar wa uwarta ba. Yayanta Lar ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, har ranar da injina suka karɓe aikin. Shi ma bai yi aure ba. Yana cewa ya jira mace mai haƙurin Imelda da bakin Nance, Allah kuma ya tausaya masa bai haɗa ba.

Bayan shekarar da wasu tsofaffin gidajen haya suka rufta da mutane a birnin, hukuma ta shiga kwashe jama'a zuwa sababbin unguwanni a bayan gari. Su Keogh suka tafi Finglas. Ɗaki bayan ɗaki ya zama kango. Uwar su Imelda ta ƙi motsawa, ta ce ita ba saniya ba ce da za a kai ta makiyaya. Mai gidan na lokacin ya fi son filin da ginin, sai ya bar rufin ya lalace, yana jiran ruwan sama ya yi masa aikin rusau. Su uku suka rage a gida mai hawa huɗu. Lar ne ke hawa rufi yana mai da fale-falen dutsen da iska ta zame. Imelda ce da bokitai, ta san inda kowanne ke zama da lokacin da yake cika. Wata rana da hantsi wasu mutane suka zo da mota, wai hukuma ce ta aiko su su cire murhun marmara na falon. Lar ya tsaya musu a tsakiyar matattakala da ƙugiyar dakonsa, Imelda a bayansa da butar shayi tana tururi. Murhun yana nan har yau.

A irin wannan hali Fergal Considine ya same su. Ɗalibin zanen gine-gine ne, dogo, siriri, ruwa ya yi masa duka, yana riƙe da igiyar awo yana neman izinin auna matattakala. Lar ya dube shi sama da ƙasa ya raɗa masa Farfesa, sunan kuma ya bi shi. Tsohuwa, uwar su Imelda, ta zuba masa romon dankali da tsiran alade, ya shanye ya nemi ƙari. Da ya shiga falon sai ya kwanta rigingine a ƙasa yana kallon silin. Imelda ta tuna cewa ranar ce ta fara jin wani ya kira gidansu kyakkyawa.

Bai daina zuwa ba. Ya gama karatu, ya yi suna, yana zuwa. Ya yi rubutu a jaridu, ya kawo masu hoto da 'yan majalisar birni, yana tsayar da Imelda a gabansu yana cewa ga wadda ta riƙe gidan nan da bokiti. Yana kiranta Anti Mel, ita kuma tana ce masa yaron nan har bayan ya fara furfura. Da tsohuwa ta rasu, yana cikin shidan da suka sauko da ita. Ya isa bakin titi yana kuka fiye da 'ya'yanta.

Daga ƙarshe gidan ya shiga cikin gine-ginen da doka ta kare: ba a rusa shi, ba a canza ko ƙusa a jikinsa sai da izini. Mai gidan ya ga jira ba shi da amfani, ya sayar wa wata ƙungiyar masu kula da tsofaffin gine-gine, wadda Fergal ke shugabanta. Su Imelda suka yi murna kamar su aka ba.

Gyara ya ɗauki shekaru, daga rufi aka faro ana saukowa. Da aka iso bene na farko, Fergal ya zo ya zauna a teburinsu ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ana so a cire katakon nan a mai da falon yadda yake a da. An gyara musu ɗakunan ƙasa, da ɗumi, da banɗaki a ciki, ba hawa ba sauka, kuma nasu ne har ƙarshen ransu.

"To Farfesa, ka mai da mu kuku ke nan," in ji Lar.

Fergal ya fara bayani, Lar ya ɗaga masa hannu.

"Zama bai dame ni ba, ko'ina aka ajiye ni zan zauna. Fita nake tambaya. Ka ga 'yar matattakalar ƙasan nan? Ko katifa sai an naɗe ta take wucewa."

"Haba Lar," Fergal ya ce. "A kafaɗar nan na ɗauki Mama. In ranar ta zo, kai da Anti Mel a falon nan za a shimfiɗe ku, ta babbar ƙofa za ku fita. In ina da rai ni ne a gaba."

"A baya dai. Na ga yadda ka yi da tsohuwa, saura kaɗan ka riga ta isa ƙasa."

Suka yi dariya, suka tafa hannu, Imelda ta ƙara musu shayi. Ba wanda ya kawo zancen a rubuta. A layin nan, ka ce wa mutumin da ya ɗauki gawar uwarka ya sa hannu a takarda, zagi ne.

Suka sauka ƙasa. Imelda ta bar sharar ofisoshi, aka ba ta makullan sama, ita ce mai goge daɓe da tagullar ƙofa. Ta kalli masu aiki suna kankare fentin shekaru ɗari biyu daga silin da 'yan ƙarafa irin na mai cire haƙori, har tsuntsayen suka fito da idanu da gashin fuka-fukai waɗanda ba ta taɓa sanin suna da su ba. Nance tana zuwa daga Finglas a bas duk Alhamis, tana tsokanarta da 'yar aikin Farfesa. Imelda ba ta jin haushi. A ganinta gidan ne take yi wa.

Lar ya rasu wata safiya a farkon bazara, a kan kujerarsa, rediyo yana ba da labarin tseren dawakai. Ƙirji ya daɗe yana cinsa, ya rame ƙwarai. Imelda ta kira Fada na cocinsu, ta kira Nance, ta kira Fergal.

Fergal ya iso da rana. Ya rungume ta, ya tsaya a kan Lar ya yi addu'a, sannan ya ja kujera kusa da ita ya riƙe hannunta. Ya ce akwai abin da bai so ya faɗa ba. Injiniya ya ga tsaga a takun da ke kan kwana, daidai inda dutsen ya shiga bango. Mutum ɗaya ko biyu ba komai, amma maza shida da akwati, bai yarda ba. In taki ɗaya ya karye, sauran za su bi shi, domin kowanne a kan na ƙasansa ya jingina. Matattakalar da ta yi shekara ɗari biyu da wani abu a tsaye za ta zube da mutane a kai.

Imelda ta goge matattakalar nan kwana biyu kafin ranar, ba ta ga komai ba. Amma ita ba injiniya ba ce, kuma ta taɓa ganin gida ya rufta. Ta ce to.

Nance ce ta ƙi yarda. Bayan ya fita ta ce ita fa maganar ba ta shige ta ba, a kawo injiniyan ya nuna tsagar da yatsa.

"Ki rufa min asiri, Nance," Imelda ta ce. "Yaron nan ba zai yi min ƙarya a kan gawar Lar ba. Kuma Lar da kansa, da za a tambaye shi, ba zai so a ce shi ya kayar da ita ba."

A ɗakin ƙasa aka yi zaman. Wurin bai ɗauki mutane ba, tsofaffin 'yan dako suna tsaye a bakin titi da kofuna a hannu, suna sauka bibbiyu su gan shi su hau. Washegari aka zo fita. Akwatin ya wuce ƙofa, ya ƙi juyawa a kwana. Aka gwada ta gefe, ya ƙi. Ma'aikacin gidan jana'iza ya dubi Imelda ya nemi afuwa, aka sa igiya aka tsayar da akwatin a miƙe kamar kabad, wasu na ja daga sama wasu na turawa daga ƙasa. Ana cikin haka aka ji wani abu ya zame a ciki ya bugi katako. Duk wanda ke wurin ya ji. 'Yan dakon suka sunkuyar da kai. A bakin titi aka kwantar da shi, Fergal ya sa kafaɗa, babbar ƙofa tana rufe a bayansu. A maƙabarta Imelda ta yi masa godiya a gaban mutane.

Ba ta hau sama ba bayan wannan, sai ta ce ƙafarta ce. Ba a yi wata biyu ba aka sa ranar buɗe gidan ga jama'a. Da safiyar ranar ta ji babbar mota ta tsaya a bakin ƙofa, ta leƙa ta ga ƙarti suna sauke fiyano na kiɗa, mai baƙin fenti, irin mai tsawon nan, an naɗe shi da barguna. Ta ga sun nufi babbar ƙofa da shi. Ba ta san lokacin da ta haura titi da silifas ba, ta shiga zaure ta tare gabansu, ta ce su dakata, matattakalar ta tsage a kwana, ba za ta ɗauka ba.

Babbansu, wani mai jan gemu, ya yi mata murmushi.

"Kwantar da hankalinki, Mama. Tun bara aka gwada ta, mu muka kawo buhunan yashin da aka jibga mata, taki bayan taki. Ko motsi ba ta yi ba. Wannan ko giwa za ta hau."

Ta matsa gefe. Su takwas ne, ta tsaya ta kalle su suna hawa da shi, suna nishi, suna ba juna umarni. A kwanar ma suka tsaya suka huta, dukansu da kayansu a kan takun nan. Sannan suka ƙarasa.

Ta bi bayansu. Fergal yana falon yana nuna inda za a jera kujeru. An yi wa bangon fenti shuɗi mai haske, katakon daɓe yana ƙyalli, ƙanshin kakin zuma ya cika wurin. Ya gan ta, ya ga fiyanon, fuskarsa ta sauya. Ya sallami masu aikin.

"Lar bai kai nauyin ƙafar abin nan ɗaya ba ranar da ya mutu," ta ce.

Bai yi musu ba. Ya zauna a ɗaya daga cikin kujerun ya faɗa mata yadda aka yi. A makon da Lar ya rasu aka gama fenti da daɓe. Ya kai maganar gaban 'yan kwamitin ƙungiya, suka ce kyandir, da taba, da giya, da mutum ɗari da takalman aiki, ana saura 'yan makonni a buɗe, ba zai yiwu ba. Ya ce ya yi gardama. Da ta dube shi sai ya gyara, ya ce bai yi gardama sosai ba.

"Kunya na ji, Anti Mel. Na kasa buɗe baki in ce miki saboda fenti ne."

"Da ka ce min fenti ne, da na ce maka a'a, ka sani. Da na kira mutanen Lar mun hau da shi kana kallo. Sai ka zauna ka nemo abu ɗaya da ka san ba zan yi musu da shi ba. Ka ce min gidan zai faɗi."

Ya ce zai gyara. Nata zaman makokin ba za a taɓa shi ba, zai sa kwamiti su rubuta su sa hannu, a falon nan, da kyandir ɗin da komai.

"Lar ya fita a tsaye kamar kabad, ni kuma in fita a kwance kamar sarauniya? Ka riƙe falonka."

Da yamma baƙi suka cika gidan. Daga tagarta tana ganin takalmansu suna wucewa, tana jin kiɗan ta cikin silin. Hoton da ya fito a jarida washegari a kan matattakala aka ɗauke shi, mutane cike da ita daga sama har ƙasa. Nance ta kawo mata jaridar ranar Alhamis. Ba ta ce na faɗa miki ba, wanda a wurin Nance ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Ta dai ce ta haɗa kayanta ta dawo Finglas, akwai ɗaki. Imelda ta ce ita aka tarar a gidan nan, ba ita za ta matsa ba.

Makullan sama ta miƙa wa yarinyar da ke karɓar baƙi a zaure. Wani kamfani ke goge tagullar yanzu. Fergal yana saukowa lokaci-lokaci, da Kirsimeti kuma ba ya fashi. Tana buɗe masa, tana ba shi shayi, domin ba a korar baƙo. Mista Considine take ce masa. Ya kawo mata takardar kwamitin sau biyu, sau biyu tana mai da masa a rufe.

A bara ta kira ma'aikacin gidan jana'izar nan, wanda ya nemi afuwarta ranar Lar, ta ce ya zo da abin awonsa. Ta gaya masa a ɗakin ƙasa za a shimfiɗe ta, ta 'yar matattakalar nan za a fitar da ita, kuma ko wa ya zo da wata magana daga sama kada a saurare shi. Nance ce shaida. Mutumin ya auna kwanar, ya auna faɗin ƙofa, sannan ya ɗan ja da baya ya dube ta daga kai zuwa ƙafa, yana jin nauyin abin da zai ce.

"Faɗi mana," in ji Nance. "Ba yau aka fara auna ta da ido ba."

Ya ce Lar dogo ne, ita kuwa gajera ce. In aka ɗan karkata akwatin a kwanar, wataƙila ba sai an tsayar da ita ba.